Jemage a Rufin Gida: Lacca ga Masu Shirin Gini a Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? Madalla. Da aka ce zan yi magana kan jemage na ga wasu suna murmushi, kuma ban ga laifinku ba. A gida idan jemage ya shiga silin, hayaƙi ake tura masa, a toshe ramin, shi ke nan. To a nan Ingila wannan hayaƙin zai iya kai mutum kotu. Da yawanku kun sayi tsofaffin gidaje, kuna son ƙara ɗaki a sama ko ku canja rufi, shi ya sa na ga wajibi ne mu tattauna. Abubuwa huɗu zan kawo in Allah Ya yarda.

Na farko, doka. Akwai dokar kare namun daji ta 1981, akwai kuma ƙa'idojin kare mazaunin halittu na 2017. Nau'in jemage 18 ne a Birtaniya, kuma duk doka ta rufa musu asiri. Ga inda mutanenmu ke faɗawa rami: ba jemagen kaɗai aka kare ba, har makwancinsa. Ko ba ya nan, ko ka leƙa ka ga wayam, idan ka rushe wurin da ya saba kwana ka yi laifi. Cewa ba ka sani ba ba ta fitar da kai. A Disambar 2020 kotu ta ci kamfanin gine-gine na Bellway tarar fam 600,000 saboda rushe makwancin jemage a Greenwich, cikin Landan. Babban kamfani ke nan mai lauyoyi, ina ga ni da kai?

Na biyu, binciken kansa. Idan ka kai takardar neman izinin gini ƙaramar hukuma, suka ga gidan tsoho ne, ko yana kusa da kurmi ko rafi, za su ce kawo rahoton jemage. Sai ka ɗauko masanin halittu mai lasisi. Zuwansa na farko da rana ne, kuma kowane wata ana iya yin sa. Na taɓa bin wata irin wannan ma'aikaciya muka hau tsakanin silin da rufin wani gida. Ta haska tocila a kan katako, ta tsinci wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar shinkafa, ta sa mini a tafin hannu ta ce in murza. Ina murzawa sai ya zama gari, yana ɗan ƙyalli. Ta ce wannan kashin jemage ne, fukafukan ƙwari ne zalla. Da na ɓera ne da ya yi tauri bai farfashe ba. Ta zuba sauran a 'yar kwalba, domin a ɗakin gwaji daga kashin nan ake gane nau'in da ke gidan.

Ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya nan, don wannan dabba tana ba ni mamakin ikon Allah. Wanda ya fi yawa a ƙasar nan sunansa pipistrelle. Nauyinsa wajen giram 5 ne. Giram biyar! Ya dunƙule zai shiga kwalin ashana. Tsagar da babban yatsanka zai shiga ta ishe shi ƙofa, shi ya sa tayil ɗaya da ya ɗan ɗaga a rufi ya zame masa gida. A dare ɗaya yana cin ƙwari dubbai. Kukansa kunnenmu ba ya ji, sai da na'ura. Har shekarun 1990 ana ɗaukar pipistrelle iri biyu a matsayin nau'i ɗaya, sai aka lura ɗaya yana kuka a kilohaz 45, ɗayan a 55, kamar mai babbar murya da mai siririya.

Amma abin da nake so ku riƙe, Alhaji ka riƙe mini wannan, uwar jemage ɗa ɗaya take haifa a shekara. Ɗaya tak. Ɓera zai cika maka gida cikin wata uku, ita kuwa sai Yuni ta zo ta sauke guda ɗaya. Iyaye mata sukan taru wuri ɗaya mai ɗumi, su haihu tare, su shayar tare, 'ya'yan kuma sai sun yi makonni kafin su iya tashi. Yanzu ka ɗauka leburori sun yaye rufin nan a Yuli. Haihuwar shekara guda ta unguwa gaba ɗaya ta tafi kafin azahar. Ɗa ɗaya a shekara. Duk tsananin dokar nan daga nan ya taso, kuma ni dai ina ganin sun yi daidai.

Saboda haka ne lokaci ya zama komai. Idan binciken rana ya nuna alama, sai an dawo da magariba. Ana tsayawa a kusurwoyin gida minti 15 kafin faɗuwar rana, da na'urar ji da kyamarar dare, har wajen awa biyu, ana ƙirga masu fitowa da inda suke fitowa. Ƙaramar alama zuwa ɗaya, matsakaiciya biyu, babba uku, da tazarar makonni a tsakani. Wannan kuwa daga Mayu zuwa Satumba kawai ake yi, an fi so kafin ƙarshen Agusta, don da hunturu barci suke. Wani ɗan uwanmu ya ciyo bashin banki a Oktoba, ya yi ciniki da magina, sai aka ce kawo rahoto. Haka ya zauna har Mayu yana biyan bashi kan ginin da ko bulo ɗaya ba a ɗora ba. Ranar da ka fara zana taswira, ranar za ka kira mai bincike.

Na nawa muke? Na uku ko? To in haɗa sauran. In an samu jemage ba a hana ka gini ba. Bayan izini ya fito, masanin zai nema maka lasisi daga Natural England, hukumar gwamnati mai kula da halittu da muhalli a Ingila, a sa lokacin aiki, a kafa akwatunan jemage, a bar musu ƙofa a sabon rufi. Kada a shimfiɗa sabon yadin rufi mai zare-zare, yana naɗe musu ƙafa su mutu. Tsohon mai kwalta ake sawa. Tsuntsaye masu sheƙa daga Maris zuwa Agusta su ma da dokarsu. Na san za a tuna mini rumfar jemage ta layin dogo na HS2 da ta ci kusan fam miliyan 100. Wannan kuɗi ni ma ya dame ni, amma ka da ka auna gidanka da shi.

Na'am Hajiya, ɗaga murya. Tana tambaya, idan ana cikin aiki jemage ya faɗo fa, ko yara suka tsince shi a ɗaki?

Tambaya mai kyau, gara da kika yi ta. A tsayar da aiki nan take, a kira masanin, kada kowa ya ce bari mu ƙarasa wannan gefen tukuna. Na biyu, Hajiya, kada a taɓa shi da hannu tsirara. Kaɗan daga cikinsu na ɗauke da ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare. A 2002 wani mai aikin jemage ya rasu da ita a Sikotland. A sa safar hannu, a kifa masa ƙaramin kwali mai huji, a sa tsumma da ɗan ruwa a murfin kwalba, sannan a buga wa layin taimako na Bat Conservation Trust, ƙungiyar kare jemage. In ya ciji yaro ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa sosai, a tafi asibiti ranar, ko da ba a ga jini ba. Na ga ladan ya miƙe, mai wata tambaya ya same ni bayan salla.