Jawabin Maraba ga Mai Girma Shugaban Jami'a, daga 'Yan Kasuwar Hatsi na Dawanau

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban Jami'a, shehunan malamai da ke cikin tawagarka, iyayenmu masu unguwanni, dattawan kasuwa, dillalai, 'yan dako da sauran jama'a, barkanmu da wannan rana. Ranka ya daɗe, a madadin 'yan kasuwar hatsi ina yi maka lale marhabin. Ka yi haƙuri da ƙura da hayaƙin tireloli, haka ofishinmu yake.

Wannan kasuwa da ke kan hanyar Katsina, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ita ake kira babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma. Daga nan gero, dawa, masara da wake ke tafiya Nijar, Chadi da Kamaru. Riɗi da zoɓorodo kuwa sai sun tsallaka teku. Mun kuma san akwai hannun masu bincike a cikin wannan arziki. Irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da manomanmu ke shukawa daga cibiyar binciken noma ta Samaru suka fito, ta Jami'ar Ahmadu Bello. Manomi ba lallai ya san sunan farfesan da ya sha rana a gonar gwaji ba, amma ya ga bambanci a rumbunsa.

To amma, ranka ya daɗe, ciwonmu yana farawa ne bayan girbi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya, saboda an samu maganin ƙwari a jikinsa fiye da ƙima. Maganin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, fiya-fiya muke ce masa. Mai kaya ya zuba dukiyarsa a sito, yana ganin ƙwari za su mayar masa da wake gari, sai ya yayyafa abin da ya samu, ba awo ba ƙa'ida. Ban ce daidai ne ba, domin waken nan 'ya'yanmu ma shi suke ci. Meziko ita ma ta taɓa rufe wa zoɓorodonmu ƙofa saboda ƙwarin ajiya. Asarar ta sauka kan manomi, ta sauka kan matan da ke tsince, ta sauka kan ɗan dako.

Abin da ya kawo sauƙi daga jami'a ya fito. Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masu bincike na Afirka, ita ta samar da buhun PICS mai ruɓi uku: leda biyu a ciki, buhu a waje. A ɗaure shi tam, iska ta ƙare, ƙwari su mutu ba tare da ɗigon magani ba. A nan Kano ma an ƙera shi, matasa sun samu abin yi wajen sayar da shi. Idan malamai daga wata uwa duniya sun hango matsalar sitonmu, ku da muke sallar Juma'a tare ai kun fi kusa.

Mun ji cewa yanzu kowane ɗalibin jami'a sai ya ɗauki darasin koyon sana'a kafin ya kammala. Madalla. Sai dai yaran da ke zuwa mana sun iya tsara kasuwanci a takarda, amma ba su san yadda ake gane wake mai danshi da haƙori ba, balle yadda ake ba da kaya bashi har Maraɗi a kan amana kawai. Wannan mu za mu koya musu. Su kuma su koya wa yaranmu ajiye lissafi a kwamfuta da cike takardun fitar da kaya waje, don nan ne 'yan tsakiya ke cinye ribarmu.

Roƙonmu shi ne jami'a ta buɗe ƙaramin ɗakin gwaji a cikin kasuwar nan, inda mai kaya zai kawo samfurin riɗi ko gyaɗa a auna masa danshi da guba kafin ya yi lodi, ya biya kuɗin aiki. Kada a ce kyauta, abin kyauta ba ya daɗewa. A turo mana ɗalibai lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Janairu, sa'ad da kaya ke shigowa. Rumfa da masauki mun ɗauki nauyi.

Allah ya ja zamaninka, ya mayar da kai gida lafiya. Bayan addu'a, dattawa za su zaga da kai layin wake da na riɗi.

Wassalamu alaikum.