Bayan bala'i, wa zai ce a koma gida?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk inda aka yi girgizar ƙasa ko ambaliya ko guguwa mai ƙarfi, kwanakin farko na masu ceto ne: a tono waɗanda gini ya danne, a kai masu rauni asibiti, a yi wa mamata sutura. Da zarar ƙura ta lafa, sai a bar magidanci tsaye a ƙofar gidansa yana kallon tsagar da ta ratsa bango, yana shawarar ko ya shigar da iyalinsa ko su ci gaba da kwana a fili. In ba a sami masani ya amsa masa ba, shi zai yanke wa kansa hukunci, kuma ko ya shiga ko ya ƙi, akwai abin da zai iya rasawa.

Mu ɗauki ƙasar Haiti. Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010, mutane wajen miliyan ɗaya da rabi suka tare a tantuna. Da gwamnati ta tura injiniyoyin da aka horar suka bi gine-gine kusan 400,000 ɗaya bayan ɗaya, sai aka tarar fiye da rabinsu lafiyarsu ƙalau, ana iya zama a ciki. Ke nan da yawa daga cikin masu kwana a sansani tsoro ne ya hana su komawa, kuma ba za a ga laifinsu ba, tunda sun ga gini ya rufto kan maƙwabtansu. To amma duk iyalin da ya zauna a tanti alhali gidansa na nan daram, ya tare wurin wanda ba shi da inda za shi, ga cunkoso, ga cututtuka, ga sana'a ta tsaya. Shi ya sa nake ganin duba gine-gine aikin gaggawa ne, daidai da rabon abinci da magani. Gari ba ya farfaɗowa sai an buɗe asibiti da makaranta da kasuwa, su kuwa ba a buɗe su sai wani ya sa hannu cewa ba za su faɗo kan jama'a ba.

Tsarin duba gine-gine da ƙasashe da dama suka ara an wallafa shi ne a Amurka a 1989, aka kuma fara gwada shi a shekarar, bayan girgizar da ta afka wa yankin San Francisco a watan Oktoba. Masu dubawa su zagaya gini, yawanci cikin abin da bai wuce rabin awa ba, sannan su manna takarda mai launi a ƙofa. Kore na nufin an duba, ba a ga abin da zai hana shiga ba. Ruwan ɗorawa na nufin a shiga da sharaɗi, wataƙila don kwaso kaya kawai, ko a kauce wa wani ɗaki. Ja kuwa, kada kowa ya taka.

Me suke nema? Ba kowace tsaga ce ke tayar da hankali ba. Siririyar tsaga a filasta sau da yawa ta tsaya a fata. Wadda ake tsoro ita ce mai faɗi da ta bi bango a karkace, musamman in biyu sun gicciya juna tsakanin tagogi. Sai ginshiƙin da kankarensa ya ɓarɓashe har rodi ya fito ya lanƙwashe, da bangon da ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa, da ginin da ya jirkice, da ƙofar da jiya take rufuwa yau ta ƙi. Benen da aka bar ƙasansa fayau don shaguna ko ajiye motoci shi ma abin lura ne, domin hawan ƙasan ne ke fara durƙushewa. Wani lokacin ma gidanka ba abin da ya same shi, amma a manna masa ja saboda benen maƙwabcinka ya sunkuyo kansa.

Ambaliya kuma nata salon daban ne, don ba ta cika nuna ɓarnarta nan take ba. Ruwa yakan ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashin harsashin gini ya tafi, a bar gida yana tsaye kan rami. Ginin ƙasa kuwa, da zarar gindinsa ya sha ruwa ya yi laushi, yana iya kai kwanaki bayan ruwa ya janye sannan ya zube, alhali masu shi sun koma sun shimfiɗa tabarma. A ambaliyar Pakistan ta 2022 gidaje kimanin miliyan biyu ne suka lalace ko suka rushe, da yawansu na laka. Ga kuma wayoyin lantarki da suka jiƙe, da rijiyar da ruwan masai ya malala cikinta.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. Takardar kore tana da haɗarinta. A birnin Christchurch na ƙasar New Zealand an yi girgiza a ranar 4 ga Satumban 2010, aka duba wani bene mai hawa shida da ake kira CTV, aka manna masa kore, ma'aikata suka koma bakin aiki. Ranar 22 ga Fabrairun 2011 wata girgizar ta zo, benen ya ruguje, mutum 115 suka mutu a ciki, daga cikin 185 da girgizar ta kashe gaba ɗaya. Hukumar binciken da aka kafa ta gano cewa tun daga zanen ginin akwai matsala. Duban rabin awa ba zai hango irin wannan ba. Abin da kore ke faɗa shi ne ido bai ga ɓarna ba a ranar da aka duba, bai ce ginin zai jure ta gaba ba. Amma mutumin da ya ga kore a ƙofa, a ransa hukuma ta ba shi tabbaci. Wajibi ne a riƙa faɗa wa jama'a wannan bambanci ƙarara, a kuma bi manyan gine-ginen da ke tara mutane da bincike mai zurfi, a ɗauko zanensu, a fasa filasta a ga abin da ke ciki.

Sannan hukuncin jiya ba ya aiki yau in ƙasa ta sake motsi. A Turkiyya, ranar 6 ga Fabrairun 2023, girgiza mai maki 7.8 ta zo da asuba, kimanin awa tara bayan nan wata mai maki 7.5 ta biyo baya ta ƙarasa gine-ginen da ta farko ta raunana. A Nepal kuwa sai da aka yi kwana 17 tsakanin ta 25 ga Afrilun 2015 da ta 12 ga Mayu. Duk girgiza mai ƙarfi da ta biyo baya, dubawa ta koma sabuwa.

Su wa za su yi wannan aiki? Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan girgizar Kobe ta 1995, Japan ta faɗaɗa horar da masu zanen gini da injiniyoyi, tana ajiye sunayensu a rajista don a kira su da zarar abu ya faru. Ƙasar da ba ta da injiniyoyi masu yawa tana iya koya wa magina da ɗaliban kwalejojin fasaha duban farko, a bar wa ƙwararru gine-ginen da ake shakka a kansu. Kuma dole a tsare gaskiyar aikin, don akwai mai gidan haya da zai nemi kore ko ta halin ƙaƙa saboda kuɗin haya, akwai mai neman ja don ya shiga jerin masu karɓar tallafi.

Alamar ja kuma ita kaɗai ba ta tsare rai. A Haiti ɗin nan, da aka koma daga baya, an tarar mutane da yawa sun sake tarewa a gidajen da aka yi wa ja, saboda ba su da wani wurin. Don haka hukumar da ta ce wa iyali su fita, a ranar ya kamata ta nuna musu inda za su kwana, ta kuma gaya musu ko gidan gyara za a yi masa ko rushewa, da wanda zai ɗauki nauyin aikin.

Sai mun sake haɗuwa a wani sharhin. A huta lafiya.