Bayan Azhar, da littafin Sibawaihi a hannuna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ina Alƙahira, lungun masu littattafai na bayan masallacin Azhar, ku yi haƙuri da hayaniya, haka wajen yake kullum. Bari in matso da kyamara ku ga abin da ke hannuna. Alkitab ne na Sibawaihi, littafin nahawun Larabci, bugun da Abdussalam Harun ya yi wa tahƙiƙi, wato ya tantance nassinsa, mujalladi 5, takardar nan mai ruwan ƙwai, kana buɗewa ƙamshinta ya daki hancinka.

Lokacin da ake biya mana Ajuruma, ɗan littafin nahawu na masu farawa, a zaure, ana ta "ƙama Zaidun", na ɗauka wasu malamai ne suka zauna a ɗaki suka tsara ƙa'idoji. Ashe bayin Allah nan da kunne suka tara ilimin, da ƙafa kuma. Musulunci ya bazu, Farisawa da sauran ƙabilu sun shigo garuruwa irin su Basra da Kufa, lahani, wato kuskuren Larabci, ya fara shiga har cikin karatun Alƙur'ani. Ana ruwaito cewa Abul Aswad Addu'ali, wanda ya rasu shekara ta 69 bayan hijira, ya sa marubuci a gaba da tawada mai wani launi daban, ya ce masa ya dinga kallon leɓensa, in ya buɗe baki a ɗiga a saman harafi, in ya tattara leɓe a ɗiga a gabansa, in ya karya a ɗiga a ƙasa. Kun ga asalin wasali kenan, daga motsin bakin mutum aka samo shi.

To amma abin da ya fi taɓa ni shi ne shiga sahara. Babban malami guda zai ɗauki tawada da alƙalami ya bi makiyaya rugga-rugga, ya zauna da su wata da watanni yana rubuta yadda suke kiran raƙumi da ruwan sama, ya ji baiti daga bakin tsoho ya rubuta, in makiyayan sun shigo kasuwar Mirbad ta Basra ma a tare su da tambayoyi. An ce Alkisa'i sai da ya ƙarar da kwalabe 15 na tawada a irin wannan yawo. Kuma ba kowa ake karɓar maganarsa ba fa, an fi yarda da ƙabilun Ƙais da Tamim da Asad da Huzail, waɗanda ke maƙwabtaka da Farisa da Rum kuwa ana ganin harshensu ya gauraya. Abin da aka ji shi suke kira sama'i, sai a auna wanda ba a ji ba a kansa, ƙiyasi kenan. Mutanen Basra sun tsananta, sai abu ya yawaita suke gina doka a kai, na Kufa sun fi sassauci.

Khalil ɗan Ahmad kuwa, malamin harshe na Basra, Allah Ya jiƙansa, shi da bakinsa ya yi gwaji. Ku gwada tare da ni: ab, at, ah, a'. Ya ji harafin ainun can cikin maƙoshi take fita, sai ya fara ƙamusunsa da ita, shi ya sa ake ce masa Kitabul Ain. Shi ne kuma ya fitar da ma'aunan waƙa.

Sibawaihi ɗalibinsa ne, kuma Bafarishe ne, ba Balarabe ba. Hadisi ya je karanta a Basra, ya yi kuskuren i'irabi, wato yadda ƙarshen kalma ke sauyawa a jimla, a gaban malaminsa Hammad ɗan Salama, abin ya tsaya masa a rai, ya tashi ya nemi nahawu. Ka buɗe littafin nan ko'ina za ka ga yana cewa ya tambayi Khalil, ko ya ji daga wanda aka amince da Larabcinsa. Baitocin hujja sun haura 1000 a ciki. Ya rasu wajajen shekara ta 180, da sauran ƙuruciyarsa, bayan muƙabalar nan da Alkisa'i a Bagadaza wadda aka ba Alkisa'i gaskiya, wallahi duk sanda na karanta labarin sai raina ya sosu.

Ga babin farko nan, ku duba layin da yatsana yake. Ya raba magana gida uku, suna, aiki, da harafin da ya zo don ma'ana. Irin kalmomin da Ibnu Ajurum na Fas ya kawo a farkon Ajuruma kenan bayan sama da shekara 500, su ne malam ya fara biya mana ranar farko. Bari in je mu yi ciniki da mai shagon kafin a kira la'asar.