Yadda zaka sauko da eriyarka ta tsaye daga zangon mita 40 zuwa mita 80 da 160

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar rediyon ham, wato rediyon masu sha'awa da ke magana da juna ta iska, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar eriyar tsaye zamuyi, wannan sandar alminiyam ɗin ko fol ɗin faiba da aka ɗaura wa waya a jiki, mai tsawon mita 10, wadda yawancin mutane ke kafawa saboda zangon mita 40 kuma tana aiki lafiya lau a can. Toh in dare yayi kana so ka sauka mita 80 ko ma mita 160, sai ka kafa wata sabuwa kenan? A'a, wannan ɗin ma zatayi, amma akwai abinda zaka biya, kuma ina so kafin ku kashe ko sisi ku san inda wutar rediyonku take tafiya.

Mu fara da lissafin da ke kan allo. Ka raba 300 da firikwansi a megahaz, zai baka tsawon zango a mita. A megahaz 7.1 kusan mita 42 ne, kwatansa mita 10 da ɗan wani abu, eriyar tsaye kuma tsawon kwatan zango take so, shi yasa sandarmu take jin daɗi a can. A megahaz 3.6 kwatan zango ya koma wajen mita 20, a 1.83 kuma kusan mita 40. Kunga kenan a mita 160 sandar nan kashi ɗaya cikin huɗu ce kawai na tsawon da ake buƙata.

In eriya ta gajarta haka abu biyu ne ke faruwa. Na farko tana zama kamar kafasita, in ka jona NanoVNA, na'urar auna eriya, a gindinta zaka ga riyaktans mai maines, wato turjiyar da kafasita ke yiwa wuta, a mita 160 wajen om 800 in bututu ne mai kauri, in siririyar waya ce ya haura 1000. Wannan kowa ya san maganinsa, koyil. Ka sa koyil a gindi mai riyaktans daidai da wancan amma fulos, su cinye juna. A mita 160 zaka buƙaci mikrohenri 70 zuwa 100 da wani abu, a mita 80 kuma 15 zuwa 25 sun wadatar. Wanda kuke gani a nan bututun PVC ne mai inci 4, an naɗa masa wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 2 zagaye 40 a tsawon santimita 20, yana bada wajen mikrohenri 75, kuma an bar tazara tsakanin zagaye da zagaye dan a samu wajen maƙala kilif, ka matsar dashi sama ko ƙasa har ka samu inda kake so.

Abu na biyun shine wanda ba a cika magana akai ba, kuma shine gaba ɗaya dalilin bidiyon nan. Eriya tana da abinda ake kira rizistans na watsawa, wato ɓangaren da wutar da ta shige shi take fita sararin sama a matsayin sigina. Cikakkiyar eriyar kwata tana da wajen om 36. Sandarmu a mita 80 tana da wajen om 6, a mita 160 kuwa om ɗaya da rabi ne kacal, saboda abin yana faɗuwa ne da sukwaya, in ka rage tsawo zuwa rabi shi ya koma kwata ko ƙasa da haka. Kuma ba ita kaɗai ke cikin layin ba, koyil ɗin ma yana da nasa rizistans, ƙasar da kuka kafa sandar a kai tana da nata, duk a jere suke karan ɗaya ne, wato wutar da ke gudana, ke bi ta cikinsu. Rabon wutar kamar rabon riba ne tsakanin abokan kasuwanci, kowa gwargwadon jarinsa zai ɗauka, mai om da yawa shine zai kwashe kaso mafi tsoka.

Mu sa lambobi. Koyil mai kyau wanda Q ɗinsa, wato ma'aunin ingancinsa, yakai 250, ka raba 800 da 250, om 3 kenan da ɗoriya. Ƙasa mai radiyal huɗu ko biyar, wato wayoyin da ake shimfiɗawa a ƙasa daga gindin sandar, zata iya cin om 15 cikin sauƙi. Ɗaya da rabi, da uku, da sha biyar, jimla sha tara da rabi, kuma ɗaya da rabin nan ne kawai naka. In ka tura wat 100, abinda ya tashi sama bai kai wat 8 ba, sauran duk zafi ya zama, a koyil da cikin ƙasa.

Dan haka ku saurari wannan da kyau dan Allah. In ka gama naɗa koyil ka jona na'urar awo kaga SWR, wato ma'aunin dacewar eriya da om 50 na rediyo, ya sauka 1.1 ba tare da ka sa wani abin daidaitawa ba, kuma yana nan a kwance daga farkon zangon har ƙarshensa, kar kayi murna. Sandar mita 10 a megahaz 1.8 bata da inda zata samo om 50 in ba daga asara ba, ma'ana om 48 na ciki ɗumama ƙasa kawai sukeyi, abinda ke fita kashi uku cikin ɗari ne. Domi lod ma, rizistan da ake gwada rediyo dashi maimakon eriya, SWR ɗinsa 1.0 ne kuma babu mai jinka dashi. Gajeriyar eriya mai lafiya rizistans ɗinta ƙasa yake, om 10 ko 12, kuma faɗinta siriri ne, kilohaz 20 ko 30 kaga SWR ya fara hawa. In ka ƙara radiyal kaga SWR ya lalace faɗin ya tsuke, toh ka gyara ne, baka ɓata ba.

Saboda haka kuɗin farko a ƙasa ya kamata a zuba su. Tun 1937 injiniyoyin kamfanin RCA guda uku, Brown da Lewis da Epstein, suka binne wayoyi suna aunawa suna ƙarawa har guda 113, kuma daga aikinsu ne aka samo ƙa'idar radiyal 120 da gidajen rediyon matsakaicin zango ke bi a Amurka. Dogon ƙarfen gidan rediyon AM da ka taɓa hangowa, galibi shi kansa ƙarfen shine eriyar, rabinta na biyu kuma yana shimfiɗe a ƙarƙashin filin baka ganinsa. Mu bama buƙatar 120. Rudy Severns mai lambar kira N6LF yayi awo sosai akan wannan ya wallafa a mujallar QEX a 2009, kuma abinda ya fito fili shine in wayarka ƙayyadaddiya ce, gajeru masu yawa sun fi dogaye 'yan kaɗan. In kana da mita 400 na waya, ka yanka guda 32 masu mita 12, yafi ka yi guda 10 masu mita 40, musamman ga gajeriyar sanda da yawancin asararta a kusa da gindi take. Radiyal da ke kwance a ƙasa ba sai an auna shi daidai da kwatan zango ba, ka shimfiɗa iya inda fili ya bari, ka danne da ƙusa ko ka tona ɗan rami da fartanya ka rufe. Wanda yake wajen da ƙasar rairayi ce busasshiya irin ta yankin Sahel shi yafi kowa buƙatar wannan, dan irin ƙasar nan bata ɗaukar wuta da kyau, balle da rani. Sandar as guda ɗaya da aka buga a ƙasa kuwa aikinta kariya daga tsawa, bata maye gurbin radiyal.

Bayan ƙasa sai sama. Matsalar koyil a gindi itace karan ɗin yana da ƙarfi a ƙasa, yana raguwa har ya zama sifili a ƙoli, wato saman sandar kusan zaman banza yake. In ka ɗaura wayoyi uku ko huɗu a ƙolin suka bazu gefe-gefe kamar laima, abinda ake cewa hula, karan ɗin zai cika sandar har sama, rizistans na watsawa zai iya ninkawa har kusan sau huɗu, kuma koyil ɗin da kake buƙata ya ragu sosai, asararsa ma ta ragu. Riba biyu kenan lokaci ɗaya. Kuna iya amfani da saman igiyoyin da ke riƙe sandar, mita biyar ko shida na farko su zama waya sai insuleta sai igiya, amma ku ja su nesa yadda zasu kwanta sosai, dan in suka rataya ƙasa kusa da sandar suna soke wani ɓangare na siginar. In ƙasa ta sauko om 5, koyil om 1, watsawa ya hau om 4 ko 5, kaga daga wat 8 mun tashi zuwa sama da 40 da rediyo ɗaya. Amma ku sani hular zata gusar da mita 40 daga inda yake, sai dai a sa tarko a ƙoli, wato koyil da kafasita da ke tare siginar mita 40 kar ta shiga hular, ko tuna a gindi, na'urar daidaita eriya da rediyo. Mai bishiya ko wani dogon abu a nesa kuma, ya ja waya guda ɗaya mai wajen mita 30 daga ƙolin a kwance, ta zama L a kife, jimla mita 40, ba koyil ma gaba ɗaya. Ni a ganina in akwai fili wannan tafi duka.

Sai haɗa om 12 ɗin nan da kebul mai om 50. Hanya mafi arha ƙaramin koyil ne mai mikrohenri 2 zuwa 3 daga tsakiyar kebul zuwa farantin radiyal, ka ɗan rage zagayen babban koyil ɗin, kana matsewa kana buɗewa har ya zauna. Ko ka sa unun, ƙaramin taransifoma na eriya, mai huɗu da ɗaya a juye, gefen om 50 yana kallon rediyo. Abinda bana so kuyi shine barin sandar haka ba komai a gindi, ku ce tunar cikin ɗaki zata gyara. Rediyon zai ga 1.0 yayi shiru, amma a cikin kebul ɗin SWR yana ɗaruruwa kuma can wutar zata ƙare. Ku sa cok ma a bakin kebul ɗin, wato naɗin da ke hana wuta bin bayan kebul, a naɗa shi a zoben ferait FT240 mai lamba 31, kar bayan kebul ya zama wani radiyal ya kawo muku RF, wato wutar watsawa, har kan tebur.

Maganar tsaro, kuma da gaske nake. Wat 100 cikin om 10 amfiya uku ne da ɗoriya, ka ninka da om 800, saman koyil ɗin nan yana ɗauke da bolt sama da 2500. Yana ƙona fata sosai. A rufe shi cikin akwatin roba, a kewaye gindin saboda yara da dabbobi, in zaka sa rile, makunnin da ake sarrafawa da wuta daga nesa, dan canja zango daga ɗaki ka nemi mai tazara sosai, kuma kar ka taɓa canjawa kana cikin watsawa. Da damina in hadari ya taso a cire kebul daga rediyo a ajiye shi waje.

Lokacin gwaji bayan magariba ne zuwa asuba, dan da rana wani sashe na sararin sama da ake kira layin D yana shanye waɗannan firikwansin. Mu nan Afirka muna yanki na ɗaya a rabon ITU, hukumar sadarwa ta duniya, mita 80 daga 3.5 zuwa 3.8 ne, mita 160 kuma yana farawa daga 1.810, sai kowa ya duba abinda lasisinsa ya bashi. Tunda faɗin eriyar kaɗan ne, ka zaɓi wuri ɗaya ka saita ta a can, masu FT8, wato aika gajeren saƙo ta kwamfuta, megahaz 1.840 da 3.573. In ka kunna kaji hayaniya ta cika kunne, ka kashe inbata da cajar sola na minti ɗaya ka sake saurara kafin ka zargi eriyar, dan eriyar tsaye tana kwasar hayaniyar gida fiye da kima. A bidiyo na gaba zamu naɗa ƙaramar eriyar saurare daban saboda wannan matsalar. Sai mun haɗu, 73, gaisuwar bankwana ta 'yan ham.