Filin da hukuma ta juya wa baya, wa ke da shi?

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Birnin Kebbi. Yau zancen iyaka ne, amma bari in ɗauko shi daga nesa.

Ran 13 ga Afrilu 2015 wani ɗan siyasar ƙasar Cek mai suna Vit Jedlicka ya je bakin kogin Danube tsakanin Kuroshiya da Sabiya, ya kafa tuta cikin wata fadama da ake ce ma Gornja Siga wadda ba ta wuce murabba'in kilomita 7 ba, ya ce daga yau nan ƙasa ce sunanta Liberland kuma shi ne shugabanta. To ya aka yi ya samu ƙofa? Duk mai noman fadama a Argungu ya san abin, in gulbi ya sake hanya sai rigimar iyakar gona ta tashi. Sabiya ta ce iyaka na tsakiyar ruwa inda yake gudu yanzu, Kuroshiya ta ce a'a tsohuwar taswira ta inda ruwan ya bi da can ita ce iyaka, don in aka bi tata za ta samu manyan filaye a hayin gabas, to amma kuma bisa wannan taswirar Siga ta faɗa wa Sabiya, ita ko Sabiya ta ce ai bisa nata lissafin ba nata ba ne. Kowa na ture ɗan ƙaramin don kar babban ya kuɓuce mai. Mutane dubbai suka cika fom a intanet wai suna son zama 'yan ƙasa, amma har yau ba ƙasa ko ɗaya cikin Majalisar Ɗinkin Duniya da ta amince da ita, kuma 'yan sandan Kuroshiya sun sha kama masu ƙoƙarin shiga.

Irin wannan akwai shi nan Afirka. Bir Tawil, murabba'in kilomita 2,060 na hamada tsakanin Masar da Sudan. Turawan Ingila sun ja layi a 1899, suka sake jan wani a 1902. Masar ta riƙe na farko, Sudan ta riƙe na biyu, don kowacce na son Halaib da ke bakin Bahar Maliya wadda ta ninka Bir Tawil wajen sau goma, duk wadda ta ce Bir Tawil nata ne to ta saki Halaib ke nan. A 2014 wani Ba'amurke Jeremiah Heaton ya taso tun daga Bajiniya ya kafa tuta can, ya naɗa kanshi sarki don ɗiyarshi mai shekara 7 ta zama gimbiya.

Wallahi nan ne abin ya taɓa ni. Wurin nan fa makiyayan Ababda na kiwon raƙumansu ciki tun kafin a haifi kakan mai tutar, ga masu haƙar zinari, amma da yake ba gwamnatin da ta rubuta sunanta a kai sai aka ce ba na kowa ba ne. Ai da irin wannan lissafin aka yanka mu. Je ka Kamba ka gani, mutum gidanshi na Najeriya, gonarshi ko ɗakin gwaggonshi na Nijar wajen Gaya, haka Lolo da Tsamiya a Bagudo da 'yan uwansu na Benin, Dandawa ne Zabarmawa ne Fulani ne jini ɗaya, ba wanda ya tambaye su ranar da aka ja layin. Ko tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara sama da mu kaɗan, Nijar da Benin sun yi ta ja a kanshi tun 1960 sai a 2005 kotun duniya ta ba Nijar.

Yarjejeniyar Montevideo ta 1933 ta ce kafin a kira wuri ƙasa sai da jama'a mazauna, da yanki sananne, da gwamnati, da ikon hulɗa da wasu ƙasashe. Masu tutar intanet ba su cika wannan ba, ba su ma kama hanya ba, shi ya sa ba su ne ke hana ni barci ba. Masu hana ni barci ba su da tuta ba su da shafi a Facebook. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma namu bangon ya daɗe da tsagewa. 'Yan bindigar nan da ake ce ma Lakurawa sun shigo ta dazukan iyakar Sakkwato da Kebbi suna karɓar shanu da sunan zakka suna yanke hukunci yadda suka ga dama, a Nuwamba 2024 suka kashe mutum 15 a Mera cikin ƙaramar hukumar Augie. A Zamfara ƙauyuka nawa ne sai sun haɗa kuɗi sun kai ma ɗan bindiga kafin su yi shuka, su sake kaiwa kafin girbi? Mai karɓar haraji, mai yin shari'a, mai cewa yau a ci kasuwa gobe kar a ci, in ba gwamnati yake yi ba me yake yi? Ga shi wurin nan a taswira ba jayayya, namu ne halak malak.

Don haka ranku ya daɗe masu mulki, daga Abuja har Birnin Kebbi da Gusau, talakan bakin iyaka ya gaji da ganin hukuma a shingen kwastan kawai ko ranar da aka rufe boda kamar 2019 da 2023. Yana son ofishin 'yan sanda da mutane ciki, da asibitin da ke da magani, da malami a aji, da hanyar da motar sojoji za ta iya bi ko cikin damina in ya kira waya tsakar dare. Kuma a zauna da Yamai da Kotonu kan sintiri tare, don ɗan bindiga kan babur yake ƙetarewa cikin minti goma.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.