Me ya sa facin faiba ke fitowa bayan an yi fenti?

[Baƙar mota a rana. Kyamara na bin gefenta a hankali.]

Ku dubi hasken da ke kwance a jikin motar nan. Ya taho a miƙe tun daga ƙofa, da ya iso nan sai ya karkace, ya yi ɗan kwana, sannan ya koma hanyarsa. A ƙarƙashin wannan karkacewar akwai facin faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da wani ruwa mai daskarewa. Ku matso kuma, ga wasu siraran layuka sun bayyana a cikin fentin.

Akwai wasu bidiyoyin gyaran faiba a TikTok da Facebook. A shafa fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, a ɗauko samfefa mai laushi da bokitin ruwa, a goga da 'yan yatsu, a shafa a ce ya yi sumul, a fesa fenti. Mutane suka kwaikwaya, bayan sati biyu ko uku faci ya leƙo. Wasu suka ce fentin jabu ne, wasu suka ɗora wa zafin ranar Abuja, masu fenti kuwa suka sha zagi. A mafi yawan lokuta aikin ya lalace ne tun kafin a buɗe gwangwanin fenti, a wurin guga.

[Gareji a Apo. Murfin bayan Hilux a kan benci, da tsagi a kusurwa.]

Yau muna Apo, unguwar makanikai. Ga murfin bayan Hilux, faiba ne tun daga kamfani, ya tsage a kusurwa. Kafin wani ya ce faiba aikin ha'inci ne, tun 1953 Chevrolet ta fito da Corvette mai jikin faiba. Kayan ba su da laifi.

Matakan farko za mu wuce su da gudu. An huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagin don kada ya ci gaba. An ci bakinsa da injin gurza, an yi masa gangare mai faɗi ta kowane gefe. An yayyanka tabarmar faiba falle-falle. An haɗa ruwan faiba da maganin da ke daskarar da shi, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, kuma wannan maganin idan ya faɗa ido yana iya makantarwa, saboda haka tabarau dole ne. Ana danna buroshi har farin tabarmar ya ɓace, domin duk inda ya rage fari, iska ce a ciki ko ruwan bai ratsa ba. A bar shi ya ƙame sosai. A ci samansa da samfefa mai lamba P80 har ya ɗan yi ƙasa da sauran jikin, don kada zaren gilashin ya zama shi ne fuskar ƙarshe.

Sai fila. Maganinta daban da na ruwan faiba, kusan kashi 2 cikin 100. Ku lura da hannun oga: ninkewa yake yi yana shimfiɗawa, ba ya kaɗawa, don kada iska ta shiga. A kan faranti mai tsabta yake haɗawa, domin kwali yana tsotse ruwan filar. A zafin watan Maris na Abuja, minti uku ko huɗu kawai kake da su kafin ta fara kamawa. Mutanen Jos, ku da sanyin hunturu kuna da sararin shan shayi. A shafa siririya, kada kaurinta ya wuce milimita 3. Wanda ke cike rami mai zurfin yatsa da fila, gini yake yi.

To, yanzu mu rage gudu.

[Hannu biyu: ɗaya riƙe da samfefa a naɗe, ɗaya riƙe da katakon guga.]

Guga iri biyu ce, kuma kowacce da aikinta. Ta farko ita ke fitar da siffa, ta sare tudu har ya zo daidai da kwari. Ta biyu tana share zanen da ta farko ta bari ne kawai. Masu waɗancan bidiyoyin sun tsallake ta farko, sun faɗa ta biyu.

Lambar da ke bayan samfefa, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Ƙwayar yashin P80 ta kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita, tana yanka da gaske. Ta P400 ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. Idan ka ɗora P400 a kan tudun fila, ba za ta sare shi ba. Za ta hau shi ta sauka, ta goge tudun ta goge kwarin, ta bar maka su yadda suke, sai dai yanzu suna da santsi. Hannunka zai ce an gama. Fenti mai sheƙi kuwa, musamman baƙi, zai tona kowane tudu.

Su ma yatsu suna da nasu laifin. Yatsa yana da laushi, yana bin ƙasa duk inda ta lanƙwasa, kuma ƙarfin dannawar yana taruwa a ƙarƙashin kan yatsu uku. Ku dubi wannan gwajin da muka yi a gefe: ramuka uku a jere, kowane yatsa da nasa. Shi ya sa ake ɗaura samfefa a jikin katako mai shafaffiyar fuska. Magini ma da dogon katako yake jan filasta, don katakon yana hawa kan tuddai ya tsallake ramuka. Mafi tsawon katakon da wurin zai iya ɗauka shi za ka ɗauka. Inda jikin ya lanƙwashe, a yi amfani da na roba mai ɗan tauri.

[Oga yana fesa baƙin fenti sama-sama a kan filar.]

Wannan da kuke gani shi ne matakin da nake so ku riƙe. Ba fenti yake yi ba. Ɗan baƙi yake watsawa daga nesa, ɗigo-ɗigo, yadda za a riƙa hango filar a ƙarƙashi. Akwai kuma na gari da ake shafawa da soso, ni shi na fi so don ba ya toshe samfefa, amma na gwangwani ma yana yi. Amfaninsa ɗaya: ya nuna wa ido abin da hannu ba ya ji.

Yanzu ku bi katakon. Ba gaba da baya a layi ɗaya yake tafiya ba, domin hakan yana haƙa kwalbati. A karkace yake turawa, daga hagu zuwa dama, sannan ya juya ya gicciye, kamar yana rubuta X. Dogon ja, ba dannawa. Yana farawa daga kan lafiyayyen jiki, ya haye facin, ya sauka a kan lafiyayyen jiki na ɗaya gefen.

Mu tsayar da hoton nan.

Inda baƙin ya goge da wuri, tudu ne. Inda ya maƙale, kamar wannan tsibirin na tsakiya, rami ne. A nan ne shaiɗan ke raɗa wa yaron shago ya karkata bakin katakon ya bi baƙin ya goge. Idan ya yi haka, baƙin zai tafi, ramin ya ƙara zurfi. Abin yi shi ne a ci gaba da guga a shimfiɗe. Ko dai kewayen ya sauko ya tarar da ramin, baƙin ya ɓace da kansa, ko kuma faiba ta fara leƙowa a gefe. Da zarar ka ga ta leƙo, tsaya. Ka kai ƙasa ke nan, ramin da ya rage sai dai a cike shi. A hure ƙurar, a ƙara fila siririya ta rufe wurin gaba ɗaya, a sake watsa baƙi, a sake X. Sau biyu ko uku ba abin kunya ba ne, manyan masu aikin ma haka suke yi.

Ba a barin P80 sai baƙin ya tafi bai ɗaya. Daga nan siffa ta fito, sauran aikin share zane ne. P120 ta share na P80, P180 ta share na P120, kuma kafin kowace lamba a sake watsa baƙi, don yana kwanciya a cikin zane ya nuna wanda ya rage. Kada a yi tsallen da ya wuce lamba 100 a wannan matakin.

Ga dalilin da ya sa layukan ba sa fitowa sai an kai mota gida. Idan aka fesa firaima, wato shafin ƙasa da ake yi kafin fenti, a kan zanen P80, tana cika shi tana jiƙe da tina, ruwan da ake tsinka ta da shi, sai wurin ya yi kamar ya shafe. Kwanaki na tafiya, sauran tinar na fita, firaimar na tsukewa tana nutsewa cikin zanen, fentin sama na bin ta. Rana tana hanzarta abin, shi ya sa ake zargin ta. Shi kuwa fenti, na kamfani ma gaba ɗayansa bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita da 'yan kai ba. Ba shi da kaurin da zai ɓoye wa kowa asiri.

Batun bokitin ruwa kuma: fila tana da hoda a cikinta, tana shan ruwa. Ka goge ta da ruwa, ka rufe da firaima, danshin ya zauna a ciki, wata rana ya taso da ƙuraje a fenti. Fila a bushe ake gugar ta. Ƙura za ta tashi, ga ƙaiƙayin gilashi, don haka a sa takunkumi na gaske da riga mai dogon hannu. Hankici a hanci ba ya tare wannan ƙurar.

[Kyamara kusa-kusa, gefen facin.]

Abu biyu kafin firaima. Bakin facin, inda fila ta haɗu da tsohon fenti, a goge shi ya baje a hankali har farce ya wuce bai ji gaɓa ba. Sannan a hura iska a duba 'yan ramukan nan masu kama da hujin allura. Firaima ba ta cika su, tana yi musu rumfa ne kawai. A danna musu fila mai laushi da bakin reza, a goge da P180 ko P240.

Saura da gudu. Firaima mai kauri, irin mai haɗi biyu, shafi biyu zuwa uku, a riƙa ba ta 'yan mintoci tsakani. A bar ta ta bushe da kyau, kwana ɗaya idan mai mota zai yi haƙuri, ko da yake mai mota a Abuja kullum gobe yana da ɗaurin aure a Kaduna. Baƙi kuma, katako kuma, P320 sannan P400. Idan fentin mai ƙyalli ne, a kai P600, don ƙyallin yana kwanciya cikin zane ya nuna shi. A kan firaima ana iya guga da ruwa, muddin ba a huda ta an tarar da fila ba. A goge maiƙo, a share ƙura.

Masu tambaya kan bamba, ku juya bayanta tukuna. Idan kun ga an buga PP, roba ce, kuma ruwan faiba ba ya kama ta da kyau, komai kyan gugar da aka yi facin zai ɓalle. Wannan walda ta roba take so, aikinta daban.

Murfin Hilux dai ya shirya. Oga, a kira mai fenti.