Yadda ake kula da gine-ginen tarihi a jihar Kaduna

'Yar gadar ƙarfen da ke lambun Gamji, bakin kogin Kaduna, ba a nan aka fara kafa ta ba. A Zungeru aka gina ta a 1904, lokacin da can ne hedikwatar Turawan mulkin mallaka a Arewa, daga baya aka kwance ta aka kawo nan. Ita ce Gadar Lugga, mai sunan Gwamna Lugga (Lugard), kuma tun 1956 take cikin jerin kayan tarihi na ƙasa.

Shiga wannan jeri yana da hukunci. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, wadda aka kafa a 1979, ita ke sa ido, kuma ko mai gini ba shi da ikon rushe shi ko sauya masa fasali sai da izininta. Wasu gidajen kuwa zama a cikinsu ne ya riƙe su. Gidan Sardauna da ke titin Rabah ya koma cibiyar bincike, wato Gidan Arewa, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, zauren Lugga kuma majalisar dokokin jiha ke ciki.

Sai dai takardar gwamnati ba ta tare ruwan sama, kuma ginin ƙasa shi ya fi shan wuya. Mu leƙa Zariya. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830, da tubali da azara, ya ɗora rufin a kan bakan gizo, wato ginshiƙan ƙasa masu lanƙwasa kamar baka. A Agustan 2023 wani sashe na rufin ya rufta, har aka yi asarar rayuka.

Irin wannan gini daga sama yake fara lalacewa. Indararo ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a kan soro, ya bi tsaga ya isa ga azara. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cika cinta ba, amma bakinta da ke binne cikin bango yakan ruɓe idan danshi ya daɗe. Ba ta kuma ɗaukar tazarar da ta wuce kusan mita 2 sai da abin tallafi, shi ya sa duk wanda ya ƙara tulin ƙasa a kan rufi don toshe yoyo, nauyi kawai ya ƙara mata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaɓen siminti. Kyau a ido, ɓarna a ciki. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa sai ya kulle shi. Ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa: in ka ji yana amo kamar ganga, yaɓen ya riga ya rabu da jikinsa, ƙasar ciki ta koma gari. A da, magina makuba suke sawa a bango, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a rufi kuma laso, haɗin da katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, ke ciki.

Lokacin gyara rani ne, kafin ruwan farko. A share indararo, a cike tsaga da ƙasa irin ta ginin, a tayar da gindin bango don ruwan ƙasa ya gangara nesa da shi. Ƙarfe irin na Gadar Lugga kuwa, sai an kankare tsatsa tas kafin a shafa fenti, in ba haka ba za ta ci gaba da ci ta ƙarƙashinsa.